Gilisarin da Gorar Baba

Mahaifina tsohon soja ne, kuma shi ya koya mini gudu. Dokarsa ta farko, wadda ba a musu a kanta, ita ce mai gudu ba ya shan ruwa. Ba ya sha kafin ya tashi, ba ya sha a hanya, in ya iso ma sai gumi ya bushe masa. A cewarsa ruwa yana kwanciya a ciki kamar dutse, yana kawo suka a haƙarƙari, kuma wanda ya saba a ba shi ruwa tunanin ruwa zai riƙa yi maimakon tunanin hanya. Abin da ya yarda da shi tsakuwa ce. Kowace safiya sai ya zaɓo ƙarama mai santsi, ya wanke ta, ya miƙo mini in sa a ƙarƙashin harshe don yawu ya riƙa zuwa.

Muna zaune a wani ƙauye a gindin duwatsu, ba nisa da Kafanchan. Da ya bar soja noman citta ya koma, amma kowa Saje yake ce masa, har Mama in ranta ya ɓaci. Ni kuwa Kurtu yake kirana tun ina firamare, tun ranar da ya ga na bi akuyarmu da gudu har ita ta gaji ta tsaya. 'Ya'yansa maza uku babu wanda ya gaji ƙafarsa, sai ni mace, kuma bai taɓa nuna wannan ya dame shi ba. Da matan zumunta na cocinmu suka kawo ƙorafi cewa budurwa tana yawo a titi da gajeren wando, ce musu ya yi su kawo masa ayar da ta hana.

Da sassafe muke fita hanyar Manchok, ni a ƙasa, shi a kan kekensa a bayana da usur a baki. A jikin keken yake rataye gorarsa ta soja, ta ƙarfe ce mai rigar kaki, murfinta da 'yar sarƙa. Da ita ya je yaƙin basasa, da ita ya dawo. Kullum cike take, kuma kullum ina jin ruwan yana motsi a bayana, amma ban taɓa sha daga cikinta ina kan hanya ba. In mun dawo na huce, sai ya zuba mini cikin murfi in kuskure baki, sannan ya ɗaure ta da ƙarfinsa duka har jijiyar hannunsa ta fito. Ya sha ba mu labarin wata doguwar tafiya da suka yi a daji, inda waɗanda suka shanye ruwansu tun da hantsi suka riƙa zubewa, shi kuwa ya isa da sauran ruwa a gora. Daga nan ya ɗauko iliminsa, kuma ba na ganin laifinsa, don abin da ya raya mutum da wuya ya yarda cewa zai iya kayar da wani.

Ni dai yana kayar da ni. A gajeren gudu, ko a lokacin sanyi, babu yarinyar da ke ganin bayana a yankinmu. Amma in gudun ya yi tsawo, rana kuma ta fito, sai a samu matsala wajen ƙarshe. Da farko gumi zai ɗauke, fatata ta yi yaushi, sai in ji sanyi alhali rana tana dukana, daga nan ƙafafun su zama na wani. A gudun famfalaki da ake yi a Kafanchan, akwai wani hawa bayan gada a hanyar dawowa. A nan na faɗi har shekara biyu a jere. A karo na biyu wata Bafulatana mai tallan nono ce ta sauke ƙwaryarta ta nufo ni da ruwa a buta. Baba ya tare ta cikin ladabi, ya ce, "Inna, a bari gumi ya bushe mata tukuna."

Ta dube ni a kwance, ta dube shi, ta ce, "Wane gumi, bawan Allah? Ai babu ko ɗigo a jikinta. Mu ko saniya ba ma yi wa haka."

A gida Baba ya yanke hukunci cewa atisaye ne bai isa ba, ya ƙara mini nisan hanya.

A tsakiyar shekarun casa'in ne, na gama makarantar horon malamai ina zaune babu aiki. Sai labari ya zo cewa wata hukuma mai kaki da ke ɗaukar 'yan wasa za ta turo mutanenta su kalli gudun wannan shekarar, kuma mata uku na farko za a ɗauke su aiki a Kaduna. Shekaruna sun kusa wuce iyakar da suke ɗauka, don haka babu zancen baɗi. In na sake faɗuwa a bayan gada, an riga an shirya mini wuri a shagon ƙanwar Mama a Sabon Tasha, a bakin garin Kaduna, in riƙa auna garin rogo da man ja. Ba raina sana'ar nake yi ba, amma ba ita nake so ba. Ina son aikin nan har ina jin haushin kaina saboda tsananin son. Gudun kuwa an sa shi ana dab da Ista, lokacin da zafi ya kai maƙura, ruwan sama bai sauka ba.

Ana haka na haɗu da malamin da ya koya mana wasanni a sakandare. Ya je ƙaro karatu a jami'a ya dawo da sabon tabarau da sababbin maganganu. Ya san labarin faɗuwata, kowa ma ya sani. Ya ce mini ba ƙarfi na rasa ba, ruwa ne yake ƙare mini a jiki. Na ce ai na taɓa gwadawa a ɓoye, na ɗura ruwa kafin in fita, abin da na samu kawai shi ne neman bayan bishiya a hanya. Ya ce wannan haka yake, ƙoda ba ta ajiyar abin da ya yi yawa, fitar da shi take yi. Amma akwai abin da masu dogon gudu a wasu ƙasashe suka fara gwadawa, in an gauraya shi da ruwa mai yawa sai jiki ya riƙe ruwan na wasu awoyi. Na tambayi sunansa, ina tsammanin wani abu ne da sai an aika Legas. Ya ce gilisarin.

Na yi dariya har na riƙe ciki. Gilisarin ai shi Mama ke shafa wa dugaduganta in kaushi ya tsage su, kwalbarsa tana nan kusa da madubi tare da man kitso. Malam bai yi dariya ba. Ya ce ba mai ƙanshin nan ba, tsantsarsa ake nema, kuma ana auna shi daidai nauyin mutum, a zuba a ruwa mai yawa, a sha a hankali kamar awa biyu kafin gudu. Ya maimaita mini zancen ruwan har na gaji da ji. Ya kuma ce ba kowane ciki ke karɓarsa ba, wasu yana sa musu ciwon kai, don haka sai an gwada tun da wuri.

Na je wurin matar da ke da kemis kusa da tashar jirgi, Inyamura ce, mijinta direban jirgin ƙasa. Ta miƙo mini mai hoton fure, na ce ba shi ba, na sha nake so.

Ta ce da irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "Sha? Kai yarinya, wane ne ya ɓata maka rai? Ka faɗa mini gaskiya."

Sai da na yi mata bayani tun daga farko, sannan ta shiga ciki ta fito da wata kwalba marar ado, ta ce irin wanda ake haɗa maganin tari da shi ne. Duk da haka ta ce in wani abu ya faru kada in ce a wurinta na saya. Daga nan na wuce wurin masu sayen citta na hau sikelinsu, yaran shagon suna ta shewa wai da kyar na fi buhu ɗaya.

Ban so in yi abin a ɓoye ba, don haka na roƙi Malam ya zo gida. Ya zo ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, ya zauna a benci a ƙarƙashin mangwaro, ya yi wa Baba bayani da girmamawa, yana Baba Saje kaza, Baba Saje kaza. Baba ya saurara har ƙarshe, yana juya kwalbar a hannu. Sannan ya ce a bariki ba a ba kurata abinci sai babba ya ɗanɗana, don haka duk abin da zai shiga cikin Kurtunsa sai ya fara bi ta nasa. Malam ya ce madalla, ya sake jaddada ma'auni da yawan ruwa. Baba ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji amma bai ɗauka ba.

Washegari da safe ya tsiyaya gilisarin a kofi, wajen rabi, ya kafa kai ya shanye shi tsura. Bai bi shi da ko kurɓi ɗaya na ruwa ba. Mama ta ce, "Saje, ba haka yaron nan ya ce ba." Ya ce shi maganin yake gwadawa, ba ruwa ba, ruwa ai ya san shi. Ya hau keke ya tafi gona cikin rana.

Kafin azahar ya dawo yana tura keken, ido ya faɗa, kai kamar zai tsage. Ya wuni yana zarya tsakanin tabarma da bayan gida. Ƙishirwa ta kama shi irin wadda ya ce ko a daji bai ji ba, har ya shanye tulu guda, yana sha yana harararmu kada wani ya yi magana. Na tsorata ƙwarai, don ban taɓa ganin mahaifina a kwance da rana ba. Da ya samu kansa da yamma, ya kira ni ya ce abin nan guba ne, kuma ba zan sha ba.

Na ce, "Baba, ai kai ka sha shi ba daidai ba. Da ruwa ake sha."

Ya ce, "In sai da ruwa yake aiki, to ruwan ne suke so su ɗura miki. Maganin dabara ce kawai don a rufe mini baki."

Raina ya ɓaci, kuma ni ma ba a baya nake ba wajen zafin kai, a wurinsa na gado. Na ce ko dabara ce ko ba dabara ba, sau biyu na bi tsakuwa ta kai ni ƙasa, kuma ba shi ne zai je ya auna garin rogo a Sabon Tasha ba. Mama ta daka mini tsawa da yarenmu. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce kurtu ba ya da kwamanda biyu, in zaɓa. Na ce na zaɓi ruwa.

Daga ranar ya daina fita da ni. Zan tashi in ɗaura takalmi, in ga keken a jingine, ƙofarsa a rufe. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata. Na saba da ƙarar sarƙar keken nan a bayana, har in na yi nisa sai in riƙa waiwaye. A gida kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ya daina ce mini Kurtu, ya koma kirana da sunan baftisma kamar wata baƙuwa. Mama tana tsakiya, in ta kai masa tuwo ta ce ya sassauta, in ta dawo ta ce in je in ba shi haƙuri. Babu wanda ya motsa a cikinmu.

Na ci gaba da gwaji ni da Malam. Gilisarin yana da zaƙi, amma zaƙi mai nauyi da ɗumi a maƙogwaro, ba irin na sukari ba. Ranar farko na ji cikina ya cika tam, ina tafiya ina jin kaina kamar jarka. Kai ya ɗan sara mini. Muka rage ma'aunin, na koyi matsa lemun tsami a ciki don ya shiga, na koyi sha kaɗan-kaɗan ina zagaya tsakar gida. Abin da na lura da shi shi ne fitsari ya ragu, kuma ko na yi nisa cikin rana gumi bai ɗauke ba. Ranar da na fara haye hawan bayan gada da tsakar rana riga a jiƙe sharkaf, na tsaya a sama ina murna, sai kuma na ji babu daɗi, don babu wanda zan waiwaya in gaya wa.

Ranar gudu na fito da jarkata tsakar gida, na auna da cokali a gaban kowa, na girgiza, na fara sha. Baba yana zaune yana wasa fartanya. Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba, amma kowa ya san ɗan'uwansa yake kallo. Da na kusa shanyewa ya miƙe, ya shiga ɗaki ya jima, ya fito ya ɗauki keke ya ce wa Mama ya tafi gona. Na so ya ce mini ko Allah ya ba da sa'a ne, bai ce ba. Mama ce ta dafa kaina ta yi addu'a, ta rufe da cikin sunan Yesu, ta ce in tafi.

A filin da za a tashi an taru, 'yan mata daga makarantu, daga bariki, da wasu siraran yara daga kan duwatsu waɗanda ba su sa takalmi. An ce da sanyin safe za a fara, amma babban baƙon da zai busa usur bai iso da wuri ba, sai da rana ta ɗaga sosai. Wannan jiran ya cinye mutane da yawa tun ba a tashi ba. Kusan duk a kan dokar Baba suke, ba su sha komai ba sai garin gulukos da suke lasa a tafin hannu. Ni kuwa tsorona ɗaya, kada abin da na sha ya nemi hanyar fita kafin a fara. Sau ɗaya na zagaya, shi ke nan.

Aka tashi. Ban yi gaggawa ba, na bar masu zafin jini suka wuce. Muka bi ta gefen kasuwa, muka tsallake layin dogo, muka fita gari. Kwalta tana tururi. A wurin juyawa akwai tebur da bokiti da kofi ɗaya, na kurɓa kaɗan na zuba saura a kai. A hanyar dawowa na fara tsintar waɗanda suka wuce ni, wasu suna tafiya, wasu a zaune a bakin hanya sun riƙe kai. Kafin gada na ƙirga mata biyu ne kawai a gabana, kuma sun yi nisa. Amma akwai wata doguwa daga bariki a bayana, ina jin takunta, ba ta da niyyar barina.

Na haye gada na fara hawan. Ƙafafuna sun yi nauyi, amma nawa ne, gumi kuma yana zuba. Ina ɗaga kai sai na hango keke a jingine jikin bishiya, daidai inda na faɗi bara. Baba ne tsaye a bakin kwalta cikin tsohuwar rigarsa ta kaki, ya miƙe ƙyam, ya miƙo hannu gaba ɗaya, gorar tana lilo.

Ya ce, "Kurtu! Karɓi!"

Gaskiya ba na bukatar ruwa a lokacin. Amma ko da cikina zai fashe ba zan wuce hannun nan ba. Na fizge ta ina gudu, na kama murfin na murɗa. Ko motsi bai yi ba. Baba bai taɓa ba mai gudu ruwa ba a rayuwarsa, bai san ana buɗewa kafin a miƙa ba, kuma ya ɗaure ta yadda ya saba ɗaurewa. Hannuna ga gumi ga santsi. Na gwada da gefen riga, na gwada da haƙori har na ji ƙarfe a bakina. Doguwar nan ta iso kafaɗata.

Abin da ya kamata in yi shi ne in yar da gorar, kowane mai gudu zai gaya maka haka. Amma gorar da ta je yaƙi ta dawo ba tare da ta taɓa ƙasa ba, ba ni ce zan wurgar da ita a kwalta a gaban mai ita ba. Na rungume ta a ƙirji na ci gaba. Tana da nauyi, tana dukan haƙarƙarina, hannun da ke riƙe da ita ya mutu. Na yi ta zagin murfin nan a zuci har cikin gari. Doguwar ta wuce ni wajen layin dogo, na sake kamo ta a kwanar kasuwa, muka shiga fili kafaɗa da kafaɗa mutane suna ihu. Da ƙirji na riga ta, ko in ce da gora. Na zo ta uku.

Ina zaune a ƙasa ina haki, Malam yana ta tsalle yana yi wa mutanen hukumar bayani, sai ga Baba ya shigo yana tura keke. Ya tsaya a kaina. Na miƙa masa gorar, ya karɓa, ya ɗan jijjiga ta a hannu.

Ya ce, "Ba ki sha ba."

Na ce, "Murfin ya ƙi buɗuwa, Baba."

Ya kama ya murɗa sau ɗaya, ya buɗe. Ya daɗe yana kallon murfin yana lilo a jikin sarƙarsa. Sannan ya dubi fuskata da gumi ke ta zuba, na ga bakinsa ya motsa zai faɗi abin da ya saba faɗa, sai ya haɗiye. Ya ce, "Sha."

Na kafa kai, sai na ji zaƙin nan mai ɗumi, har da lemun tsami. Daga baya Mama ta gaya mini tun kwanaki yake tambayarta wane cokali nake aunawa da shi, kuma ranar da safe da ya shiga ɗaki ya jima, haɗin yake yi. Gilisarin da ya zuba ya ɗan yi yawa, amma na shanye fiye da rabi a wurin.

An sha tambayata ko gilisarin ne ya ba ni aikin. Ban sani ba. Na yi shekaru ina yi wa hukumar gudu, wani lokaci na sha, wani lokaci ban sha ba, kuma na ga waɗanda bai yi musu komai ba sai kumburin ciki. Daga baya ma na ji masu dokokin wasanni sun hana shi, can kuma suka janye hanin. Mai yiwuwa ya taimaka mini a zafin ranar nan. Mai yiwuwa kuma Baba ne ya faɗi gaskiya yana kwance a tabarma, cewa ruwan ne maganin, gilisarin ya dai buɗe masa ƙofa. Ba mu taɓa komawa kan zancen ba, ni da shi. Bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban nemi ya ce ba. Tsakuwa dai ban sake ganin ya wanke ba.

Ranar da zan tafi Kaduna kama aiki, shi ya ɗauki jakata a bayan keke har tashar mota. Kafin a ɗora kaya ya zuge jakar ya cusa wani abu a ciki, ya ce kada in buɗe sai na isa. Na san mene ne, don babu komai a rataye jikin keken. Ya ce in riƙa gaida na gaba da ni, in kuma riƙa goge takalmi. Na ce to. Motar ta cika, aka ce babu wuri a but, sai na ɗora jakar a kan cinyata.

Mun wuce Zonkwa, mun wuce Kachia, ina gyangyaɗi. Wajen Kasuwan Magani matar da ke kusa da ni ta zungure ni, ta ce, "'Yata, me kika zuba a jakar nan? Ga shi yana jiƙa mini zani."

Na zuge da sauri. Gorar ce a kwance a kan kayana, ruwa yana tsiyaya ta bakinta. Rigunana, zanin coci, sabon tawul da Mama ta saya mini, duk sun jiƙe. Na taɓa murfin da yatsa biyu, sai ya juya. Sau ɗaya kawai ya murɗa shi ya bari, yadda ko yaro zai iya buɗewa. Mutumin da ya fi shekara ashirin yana ɗaure murfin nan har jijiya ta fito.

Na ba matar haƙuri, na ɗaga gorar tsaye a hannuna, sai hawaye suka zo mini ba shiri. Ta zaci kayan nake wa kuka, ta ce ai ruwa ne, zai bushe, in dai ɗaure murfin da kyau. Na ce to, Mama. Amma haka na riƙe ta har muka shiga Sabon Tasha, ban ƙara masa ko murɗa ɗaya ba.